Titan ko ɗan ƙaramin firiget: wa ke cin yaƙi a EVE Online?

Ɗan Auta:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce gare ni ga manyanmu. Ban daɗe da fara EVE Online ba, wasan nan na yaƙin jiragen sararin samaniya a intanet, kuma asusun kyauta nake amfani da shi, wanda suke kira Alpha. Na shiga wata ƙungiya, aka kira fita yaƙi, na shirya Rifter ɗina tsaf na cika shi da bindigogi. Sai kwamanda ya ce in ajiye shi, ya miƙo mini Slasher kyauta, wai aikina in ruga in kama jirgin abokan gaba in riƙe shi har manya su iso. Jirgin nan bindigoginsa ko kaza ba za su kashe ba. An harbe ni tun kafin in gane gabas da yamma. Shin ba raini ba ne wannan? Ba gara in zauna in tara ISK, kuɗin wasan, in hau babban jirgi ba? Ni fa burina Titan, jirgin da ya fi kowane girma a wasan.

Baban Iman:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, barka da zuwa, kuma barka da mutuwar farko. Ba raina ka aka yi ba. Bari in tambaye ka: kafin a harbe ka, igiyarka, na'urar nan ta kamu, ta kama wani?

Ɗan Auta:
Ta kama wani Drake, Yaya. Ina jin an kashe shi bayan na mutu, don na ga sunana a takardar kisan.

Baban Iman:
To ai ka yi aikinka. Lissafa da kanka: nawa Slasher yake, nawa Drake yake da kayan da ke jikinsa? Ka bayar da ƙaramin abu, ka ci babba.

Abin da sabon shiga bai cika ganewa ba shi ne, a EVE kowane jirgi yana iya shiga waf, wato gudun walƙiya zuwa wani wuri mai nisa, ya ɓace daga fili. Abin da yake buƙata kawai ya juya hancinsa wajen da zai nufa, gudunsa ya kai kashi 75 cikin ɗari, shi ke nan sai dai ka ga ƙura. Saboda haka ko jirage hamsin gare ka masu manyan bindigogi, in babu mai riƙe muku abokin gaba, wasan wuta kawai kuke yi. Mutum zai ji zafi ya tafi ya gyara jirginsa ya dawo.

Kayan kamu iri uku ne a hannunka. Akwai doguwar igiya, tana kai kilomita 20, mai kyanta 24, tana hana waf kawai. Akwai gajeriya, ba ta kai kilomita 10 ba, amma ita bayan hana waf tana kashe masa injin gudun nan mai ƙarfi. Sai dabaibayi, wanda ke rage masa gudu da rabi ko fiye. Wa zai kai waɗannan kusa da abokin gaba cikin daƙiƙoƙi? Ba batilshif ba, shi kafin ya juya an sha shayi. Firiget ne.

Sarkin Yawa:
Baban Iman, da girmanka, kada ka yaudari yaron nan. Wannan huɗubar ita ake yi wa kowane sabon shiga don ya yarda ya zama abincin bindiga. Ɗan Auta, burinka daidai ne. Duba tarihin wasan. A yankin B-R5RB, Janairun 2014, an shafe kusan awa 21 ana gwabzawa, mutum sama da 7,500 suka shiga, Titan 75 suka tarwatse, aka ƙiyasta asarar da dala dubu 300 ko fiye. Wa ke tuna firiget nawa suka mutu a ranar? Babu. Titan ake ƙirgawa. Ƙawancen N3 da Pandemic Legion sun rasa 59, abokan gabarsu CFC da abokansu Rashawa sun rasa 16, kuma wannan lissafin shi ya yanke hukuncin yaƙin gaba ɗaya. Wanda ya fi manyan jirage shi ke da ƙasa. Sauran duk kwalliya ce.

Anti Loji:
Sarkin Yawa, to me ya hana waɗannan Titan 59 ɗin guduwa da suka ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada?

Sarkin Yawa:
Kumfa mana.

Anti Loji:
Madalla. Wa ya jefa kumfar? Sabre ne da 'yan'uwansa, su Flycatcher da Eris da Heretic, jiragen da girmansu bai wuce na distiroya ba. Kumfa ɗaya tana rufe kilomita 20 ta kowane ɓangare, duk wanda ke ciki ba waf ba tsalle zuwa wani yankin. Matuƙin Sabre yana shiga ya jefa kumfa, a kashe shi, ya koma ya ɗauko wani ya dawo. Da babu su, da Titan ɗin nan sun yi tsalle sun koma gida tun a awa ta biyu, da yau ba ka da labarin da za ka ba mu.

Sarkin Yawa:
Anti, na yarda kumfa ta riƙe su. Amma riƙewa daban, kashewa daban. Ki tara Sabre dubu su yi ta harbin Titan irin Avatar har gobe. Abin da ya kashe Titan a ranar shi ne makamin ƙare-dangi na wasu Titan ɗin, da diredinot, manyan jiragen rusa sansani. Mai kamu ɗan aike ne, mai gida shi ne babban jirgi.

Injiniya:
Ku bari in shigo da lissafi, don gardamar nan tana da tushe a yadda kamfanin CCP suka gina wasan. Ɗan Auta, ka san dalilin da ya sa babban jirgi ba ya cinye ƙarami kai tsaye?

Kowace bindiga tana da iyakar saurin da za ta iya juyawa ta bi abin harbi. Kowane jirgi kuma yana da girman inuwarsa a na'urar hange. Firiget inuwarsa 'yan mitoci ce, talatin zuwa arba'in haka, ta batilshif kuwa ɗaruruwa. Manyan bindigogi an yi su ne don babbar inuwa mai tafiya a hankali. In ka matso kusa da batilshif irin Megathron kana zagaya shi da gudu, bindigoginsa ba sa iya bin ka, harsashi sai dai ya wuce ta bayanka. Amma in ka nufo shi kai tsaye, a miƙe kamar kibiya, to a idon bindigarsa tsaye kake, harbi ɗaya ya ishe ka. Ina kyautata zaton haka aka kashe ka. Ka danna "kusanci" ka kunna babban injin gudu, ko?

Ɗan Auta:
Wallahi haka aka yi, Injiniya. Kamar kana wurin.

Injiniya:
Kowa ta nan ya bi. Injin nan yana kumbura inuwarka har ninki biyar a kan yadda take. Wato ka ƙara girma kuma ka taho a miƙe. Nan gaba ka riƙa zuwa a karkace, kana danna sarari gefe da shi sau biyu, ka shigo kamar mai zagaye, in ka isa ka kama shi sai ka kashe injin ka ci gaba da kewaya shi. Makamai masu linzami su ma haka ne ta wata fuskar: ba sa kuskure, amma in kana da ƙaramar inuwa kuma kana gudu, kaɗan daga ƙarfin fashewar ne ke samun ka.

Ba wai babba ba shi da magani ba. Yana sakin ƙananan diron, su Warrior, su bi ka. Yana da na'urar zuƙe batir, wadda in ta taɓa firiget sau ɗaya komai nasa ya mutu, har igiyar. Amma duk gurbin da ya sa wa waɗannan, ya rage wani abu ne na faɗa da sa'anninsa.

Na Damagaram:
Salamu alaikum. Ni ban taɓa EVE ba, kuɗin Omega, asusun biya, kusan dala 20 a wata ya fi ƙarfina, kuma ba ni da haƙurin jiran horo. Amma abin da kuke faɗi na san shi tun daga wasan Homeworld, wanda Relic suka fitar a 1999. Can ma haka ne. Firiget mai bindigar ayon yana narka manyan jirage, amma bindigarsa a hanci take, sai duk jirgin ya juya. Ka sako masa ƙananan jiragen bam ta sama ko ta ƙasa, ba abin da zai iya. Sai ka haɗa shi da kwabet masu bindigogi da yawa su tsare shi.

Kuma jirgin da ya fi kowane amfani a wasan nan ba ya harbi ko ɗaya: kwabet mai jan kaya. Ka tura su su maƙale wa distiroyan abokan gaba, su ja shi zuwa uwar jirage, ya zama naka. Tunda rundunarka tana bin ka daga mataki zuwa mataki, in ka iya sata, kafin ƙarshen wasan rabin jiragenka na mutane ne. Ni labarin ma ya kama ni ne don daga hamada mutanen suka taso, duniyar Kharak, rairayi ko'ina.

Sarkin Yawa:
Na Damagaram, Homeworld kai kaɗai ne ke juya jiragen duka, da kwamfuta kake faɗa. A EVE kowane jirgi mutum ne a zaune, da fushinsa da barcinsa. Shi ya sa nake cewa yawa da nauyi su ne gaskiya. Duk dabarar da za ka yi, in na zo da ninki biyu na jiragenka, ka tafi gida.

Baban Iman:
A nan kam akwai gaskiya a bakinka, ba zan ƙi ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, sunanka ma ke nan. Amma ka lura, maganarka ta sauya. Da ka ce girma, yanzu ka ce yawa. Ba abu ɗaya ba ne. 'Yan ƙungiyar Brave Newbies da suka taso a 2013 yawa gare su, ba girma ba. Sababbin shiga ne cikin Atron da Maulus. Maulus kuwa me yake yi? Yana dusashe na'urar hangen abokin gaba, jirgin da ke iya kama abin harbi daga nesa sai ya koma ba ya ganin na kusa da shi sosai. Ka sa yara talatin su yi wa masu gyaran abokan gaba haka, rundunar da ta fi su kuɗi nesa ba kusa ba sai ta fara zubewa.

Sai kuma ka tuna yadda B-R5RB ɗin ma ya fara. Ba wani ƙaton jirgi ne ya buɗe ƙofa ba. Kuɗin riƙe yankin ne ba a biya ba a kan lokaci, ikon ya faɗi, CFC suka ga dama suka afka. Asakai kuma, Janairun 2013, matuƙin Titan ne ya zo buɗe wa rundunarsa gada, sai ya danna tsalle, ya faɗa tsakiyar abokan gaba shi kaɗai. Nan da nan aka riƙe shi, kowa ya kira nasa, mutum wajen dubu uku suka taru. Babban jirgi shi kaɗai ba ƙarfi ba ne, nama ne.

Anti Loji:
Tunda an zo kan masu gyara, bari in yi magana a kan sana'ata, wato loji, gyaran jiragen 'yan'uwa a tsakiyar faɗa, don kullum mu ake mantawa.

Ɗan Auta, in ka ga runduna biyu sun tsaya suna musayar wuta kuma ba wanda ke mutuwa, to mu ne. Kwamandan can zai kira suna ɗaya, duk jiragensa su juya kan mutum ɗaya. Shi wanda aka nuna, da ya ga akwatunan da ke kewaye da jiragensu sun zama rawaya, alamar sun kama shi a na'ura, sai ya danna neman agaji. Sunansa ya fito mana a jeri, mu kama shi, mu zuba masa gyara. Tsere ne tsakanin hannunmu da bindigoginsu. In ya jira sai akwatunan sun zama ja, wato an fara harbi, sau da yawa ya makara. Rabin mutanen da ke mutuwa a runduna ba rashin loji ne ya kashe su ba, jinkirin kira ne.

A cikinmu ma akwai bambanci. Guardian da Basilisk ba sa iya ciyar da kansu, sai an yi sarƙa: ina tura wa na sama da ni batir, ina tura wa na ƙasa da ni, su ma suna turo mini, kuma abin da ke isa ya fi abin da aka kashe wajen turawa. In mutum ɗaya ya fita daga sarƙar, na kusa da shi su fara bushewa. Scimitar da Oneiros kuwa kowa da tukunyarsa, sun fi sauƙin yawo. Sannan gyaran garkuwa yana sauka ne a farkon zagayen na'ura, na sulke sai a ƙarshensa. Waɗannan 'yan daƙiƙoƙin su ne ran mutum.

Abin haushin, a da can takardar kisa mai harbi take ƙirgawa. Shi ya sa a lokacin sai ka ga mai loji ya ɓoye diron guda ɗaya na faɗa, ya saki a kan wani don dai sunansa ya fito, kwamanda yana ta faɗa.

Ɗan Auta:
Anti, to me ya sa kowa ba zai cika rundunarsa da loji ba, ya zama ba a kashe shi?

Anti Loji:
Saboda akwai maganinmu, ƙanena. Ka tara Maelstrom ko Tornado masu igwa, su harba gaba ɗaya a daƙiƙa guda. Jirgin ya tarwatse kafin ma in kama shi a na'ura. Ba a gyara gawa. Ko su zuƙe mana batir, ko su dusashe mu kamar yadda Baban Iman ya ce, ko a turo distiroyan kwamanda, su Bifrost da Magus, ya lallaɓo tsakiyarmu ya kunna na'urarsa, ya ɗauke mu ya jefa kilomita 100 gaba. Kafin mu dawo an gama da mutanenmu. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Mai Bam:
Ina ta karatu ina dariya. Kowa yana yabon gwaninsa, an bar mu a ɓoye, kodayake can ne wurinmu. Sarkin Yawa, kawo yawanka. Ka tara batilshif ɗari a dunƙule wuri ɗaya suna bin kwamanda. Mu 'yan tsiraru ne cikin Purifier ko Hound ko Manticore, firiget masu layar zana. Mu tsaya kilomita 30, mu bayyana, mu saki bam, mu juya mu shiga waf. Bam ɗin yana cin duk abin da ke cikin kilomita 15, kuma ya fi cin mai babbar inuwa. Sharaɗin kawai mu saki iri ɗaya, don bam yana jure fashewar irinsa, in aka gauraya sai su kashe juna a hanya. Zango biyu ko uku a jere, runduna ta zama tarkace. Akwai lokacin da tsoronmu ya sa manyan ƙungiyoyi suka rage fita da batilshif masu garkuwa a yankin da babu doka.

Sarkin Yawa:
Ku kuma sai ku yi awa biyu a ɓoye kuna jira, mutum ɗaya ya matso kusa da wani abu layarsa ta karye, a gan ku, a watse. Na sha gani. Kuma yanzu distiroya suna harbo bam a sama.

Mai Bam:
Ka ga ka shigo hanya da kanka. Wato kai ma sai ka ɗauko ƙananan jirage su tsare maka manyan.

Injiniya:
Wannan zagayen ba CCP suka ƙirƙira ba, daga teku aka kwaso shi. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fito da ƙananan kwale-kwale masu tofido, masu arha, waɗanda za su iya nutsar da jirgin da ya ninka su kuɗi sau da yawa. Sai manyan rundunonin ruwa suka gina wani matsakaicin jirgi mai sauri don ya farauce su, daga nan distiroya ya samo asali. A 1906 Ingila ta fito da HMS Dreadnought, duk manyan bindigogi, kowace ƙasa ta shiga tseren gina irinsa. Sai jirgin sama ya zo. Ranar 10 ga Disamba 1941 jiragen saman Japan suka nutsar da Prince of Wales da Repulse a gaɓar Malaya, ba su da rakiyar sama. A Afrilun 1945 Yamato, ɗaya daga cikin biyun da suka fi kowane batilshif girma a tarihi, jiragen saman Amurka ne suka gama da shi.

Masu yin wasanni wannan zamanin suke kwaikwayo, su ɗora shi a sararin samaniya. In da gaske ne, abin ba zai tafi haka ba. Jirgin sama ya fi jirgin ruwa sauri ne don ɗaya a iska yake, ɗaya a ruwa. A can sama kuwa babba da ƙarami duk a fanko ɗaya suke. Babu iyakar gudu irin ta EVE, inda in ka kashe inji kumbo yake tsayawa kamar a cikin ruwa. Ɓuya ma da wuya, don zafin injinka yana tona ka daga nesa. Wanda ke son ganin yadda abin zai fi kama da gaskiya ya gwada Children of a Dead Earth na 2016, ya ga yadda rabin jirgi yake zama faranti na fitar da zafi.

Baban Iman:
Injiniya, in aka bi taka ba wanda zai yi wasan. Mu bar mana ƙaryarmu mai daɗi.

Ni yadda nake fahimtar da yara shi ne da yaƙin dawaki na da. 'Yan lifidi su ne ƙarfin runduna, doki da mahayi duk a lulluɓe, in suka yi sukuwa ba mai tsayawa gabansu. Amma suna da nauyi, suna saurin gajiya, kuma sarki ba ya tura su su kaɗai. Sai 'yan leƙen asiri sun gano inda abokan gaba suke, 'yan baka sun raunana su, masu ƙananan dawaki sun tare musu hanyar gudu. Diredinot ɗan lifidi ne. In ya shiga yanayin kafa sansani, minti biyar cur ba ya motsi, ba ya tsalle, kuma ba mai iya yi masa gyara daga waje. Ƙarfin harbinsa ya ninku, amma ya kafe. In kwamanda ya kafa su a wurin da bai dace ba, sai dai addu'a.

Sarkin Yawa:
To ku amsa mini wannan. Yaƙin yankin M2-XFE, daren ƙarshen 2020. Titan 257 suka mutu, asarar dala 378,012, har ta shiga kundin Guinness. Ƙawancen Imperium da na PAPI da suka gwabza duk sun san da su Maulus da su bam ɗin Mai Bam. Me ya sa da abin ya kai ga Keepstar, tashar da ta fi kowace girma, kowa ya fito da Titan ɗinsa?

Injiniya:
Saboda a wannan matakin su ne ke yanke hukunci, ba mai musu. Amma ka ƙarasa labarin. 'Yan kwanaki bayan haka PAPI suka sake yin tsalle da manyan jiragensu cikin M2-XFE, sabar ta kasa ɗauka, da yawa ba su ma ga fili ba, wasu aka kashe su, ɗimbin Titan suka maƙale a cikin yankin an kewaye wurin da kumfa. Ƙarfin da ya fi kowane a ranar shi ne na kwamfutar CCP. In fili ya cika, wasan yana jan lokaci har zuwa kashi 10 cikin ɗari, abin da ke ɗaukar minti ɗaya ya koma minti goma. A FWST-8, Oktoban 2020, mutum 8,825 suka shiga faɗa ɗaya. A irin wannan wurin wanda ya riga shiga fili ya riga cin rabi. Wa ke ba ka labarin lokacin shiga? Ɗan leƙe cikin ƙaramin jirgi mai layar zana. Wa ke kunna fitilar saino da manyan za su yi tsalle su sauka a kanta? Wani jirgin da bai kai ƙurar kuɗin Titan ba.

Na Damagaram:
A wasan Stellaris ma an sha wannan gardamar. Akwai lokacin da kowa batilshif kawai yake ginawa da dogayen bindigogi, akwai lokacin da tarin kwabet ke cin komai saboda wuyar samu. Kamfanin Paradox suka yi ta gyara, har a 2022 suka ƙara firiget mai tofido don ya zama maganin manya. Kamar dai masu yin wasan ne ba sa so jirgi ɗaya ya zama sarki.

Sarkin Yawa:
Yauwa, ka faɗi abin da nake so a faɗa. Ba dabi'a ba ce, hannun kamfani ne. In aka bar abin yadda yake, babba ne ke cin ƙarami. Titan na farko-farko makaminsu na ƙare-dangi fili guda yake sharewa, duk ƙananan jiragen da ke wurin su mutu lokaci ɗaya. Sai da CCP suka sauya shi ya koma harbin jirgi ɗaya. Don me? Don ƙananan su samu abin yi.

Anti Loji:
To ai wasan da muke yi ke nan, ba wanda ke cikin kanka ba.

Ɗan Auta:
Na gode ƙwarai, manya. Amma akwai matsalar da ba ku taɓo ba. Mu nan wuta ba ta da tabbas, intanet ma haka. Wane aiki ne ya fi dacewa da mai irin wannan hali?

Baban Iman:
Tambaya mai kyau. Jinkirin intanet bai cika damun EVE ba, don sabar tana bugawa ne sau ɗaya a daƙiƙa, ba kamar wasannin harbi da ake ƙirga ƙiftawar ido ba. Yankewa ita ce matsala. In ka yanke, jirginka yana ƙoƙarin shiga waf da kansa, amma in an riƙe ka ko kana cikin kumfa, yana nan a fili ana cin sa. To ka gwada: wuta ta ɗauke kana cikin Slasher, ko ta ɗauke kana cikin jirgin da ka yi wata da watanni kana tara kuɗinsa. Wanne za ka iya barci bayansa?

Ka kuma sani, Titan ba na Alpha ba ne, horonsa mai tsawo ne ƙwarai, kuma kafin Keepstar ta zo a 2016 ko ajiye shi a tasha ba a iya yi. Mutum yana shiga ya zauna a ciki ke nan, har mutane suka riƙa buɗe wani asusu daban don ya riƙe musu shi.

Anti Loji:
Amma don Allah in wutarka ba ta da tabbas kada ka shiga sarƙar batir. An taɓa ɗauke wa na sama da ni wuta ana tsakiyar faɗa, ina kallon batir ɗina yana sauka, mutane suna ta kiran agaji, ba abin da zan iya. Fara da Scythe ko Exequror, su ba sa dogara da kowa, kuma Alpha yana iya hawa. In kana son ƙarami ma akwai Burst da Navitas. Ƙungiyoyi da yawa suna biyan mai loji kuɗin jirginsa in ya mutu a runduna, wasu har da ƙari, don kullum ƙarancinmu ake yi.

Mai Bam:
Mu kam sai ka biya Omega, Alpha ba ya sa layar zana. In ka shirya ka neme ni.

Sarkin Yawa:
Ni dai shawarata, ka yi kamun, ka yi lojin, amma ka sa horon Ferox ko Hurricane a layi tun yanzu. Runduna ba ta tashi in kowa mai kamu ne. Dole wani ya yi harbin.

Baban Iman:
Wannan kam ba gardama. Kwamanda ma yakan ce a rage masu kamu in sun yi yawa.

Ɗan Auta:
Ferox ko Hurricane, wanne?

Injiniya:
Duba abin da ƙungiyarku ke fita da shi, kada ka zaɓa da kanka. In rundunar garkuwa ce da dogon zango, Ferox da relgan. In ka zo da jirgin sulke cikin rundunar garkuwa, su Anti ba su da abin da za su gyara ka da shi.

Anti Loji:
Kuma ba za mu yi ƙoƙari ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a, masu tambaya ta akwatin sirri game da fitar da muka ce za mu yi tare: Asabar ce, bayan sallar Isha'i, lokacin 'yan Turai suna kan layi, za a samu abokan faɗa. Kada wanda ya shiga da tsakar rana ya ce wasan ya lalace, ƙarfe 12 agogon Najeriya da Nijar ake rufe sabar na ɗan lokaci kullum. Firiget da distiroya kawai, kowa ya zo da abin da zai iya asara. Baban Iman ne kwamanda. Muna da masu kamu huɗu, loji ɗaya. Ana neman ƙarin loji biyu, in ba haka ba Anti ta ce ba za ta fito ba.

Sarkin Yawa:
Ku sa ni a Thrasher. Igwa zan ɗora.

Na Damagaram:
Wasan giga nawa ne? In data ta yarda, zan sauke kafin Asabar. Amma ni jirgin da ba ya harbi za ku ba ni.

Anti Loji:
Burst ɗinka yana jiran ka. Saura ɗaya.